Sun ce kada a faɗa masa, kuma kada wuƙa ta taɓa shi

Tanti, sallama da fatan alheri. Shekarata 28, a nan Damagaram nake aure, ƴaƴanmu uku. Maigidana tela ne, shekararsa 34. Ya fi shekara yana fama da zafin ciki da ƙwarnafi, duk inda ya je sai a ce ulsa ce, a rubuta masa omeprazol, maganin rage tsamin ciki. In ya matsa masa sai ya jiƙa kanwa ya sha. Bayan sallar layya ya fara ramewa, loma uku zai yi ya ce ya ƙoshi. Da aka zura masa fibro, wato bututun nan mai kamara da ake leƙa tumbi da shi ta baki, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji, sakamako ya nuna kansar tumbi ce. Yau sati uku ke nan. Yayansa likita ya faɗa wa, ina zaune a wurin. Ya ce hoton sikana bai nuna ta kai hanta ko huhu ba, yana son a fara shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake ɗaurawa ta jijiya, sannan a yi aiki. Yaya ya ce kada kowa ya gaya masa, zuciyarsa ce za ta karye. Inna kuwa, mahaifiyarsu, ta ce daji ba ya son ƙarfe, maƙwabciyarta da aka yi wa aiki ba ta yi wata biyu ba, don haka ƙauye za a kai shi wajen mai magani ya yi wata uku. Na duba a waya na ga an ce in wannan cuta ta kama matashi ba ya daɗewa. Shekaranjiya da dare ya tambaye ni me likita ya ce, na ce masa ulsa ce ta yi ƙarfi, tun daga nan ban runtsa ba. Ko yajin da nake sa masa ne ya jawo? Ko yarana za su gada? In na faɗa masa dangi za su ce na raina su, in na yi shiru ina tsoron Allah. Ki rufa sunana.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ƙara miki juriya. Cikin duk abin da kika rubuto, magana ɗaya na riƙe, wadda ke kika wuce ta da sauri don hawaye sun cika miki ido: likita ya ce hoto bai nuna cutar ta bar inda take ba, kuma yana maganar aiki. Likitan fiɗa ba ya kawo zancen aiki sai yana ganin akwai abin da za a iya cirewa. Da yawa cikin masu wannan ciwo a ƙasarmu ba sa samun jin wannan kalma, don sai abu ya gama yaɗuwa suke isa asibiti. Ku kun samu. Damuwata ita ce wannan dama ba ta jiran kowa, kuma sati uku sun riga sun tafi a gardama.

Abin da kika gani a waya rabin gaskiya ne, bari in cike miki sauran rabin. Kansar tumbi, wato jakar nan da abinci ke fara sauka a cikinta, tana kama kusan mutum miliyan ɗaya a duniya kowace shekara, kuma galibinsu dattawa ne da suka haura 60. Ƴan ƙasa da 40 kaɗan ne. Wannan ƙarancin shi ke cutar da su, domin in mai shekara 34 ya zo da zafin ciki, ba wanda tunaninsa ke zuwa kan daji, shi kansa ma bai kawo ba. Sai a ce ulsa, a ba da maganin rage tsamin ciki, zafin ya lafa, cutar kuwa tana nan tana cin gabanta. Ga shi kuma irin da ta fi kama matasa ba ta cika yin curi wuri ɗaya ba, bin bangon tumbi take yi tana kutsawa a ɓoye, shi ya sa take da wuyar gani da wuri. To, in aka haɗa matasan duka a lissafi sai a ga kamar sun fi saurin tafiya, alhali abin da ya faru shi ne sun fi makara. In aka jera matashi da dattijo waɗanda aka gano nasu a mataki ɗaya, matashin ba ya kasawa, sau da yawa ma ya fi jure magani da aiki, tun da zuciyarsa da ƙodarsa da sauran ƙarfinsu.

Matakin da cutar ta kai shi ne babban ma'auni. A ƙididdigar Amurka, cikin mutum 100 da aka gano tasu ba ta fita daga tumbi ba, wajen 75 suna nan da rai bayan shekara 5. In ta shiga ƴan kaluluwar da ke kewaye da tumbin, adadin ya sauko wajen 35. In ta kai hanta ko huhu ko wani wuri mai nisa, ba su kai 10 ba. Dubi tazarar da ke tsakanin 75 da 10, cuta ɗaya ce, bambancin kawai yaushe aka cim mata. A Japan da Koriya ta Kudu, inda wannan ciwo ya yi yawa har gwamnati take kiran mutane a duba musu ciki tun ba su ji komai ba, fiye da 60 cikin 100 ke haye shekara 5. Ban kawo miki waɗannan don ki auna kwanan mijinki da su ba, rai na hannun Allah, kuma asibitocinsu ba irin namu ba ne. Na kawo su ne don ki ga abin da wata uku a ƙauye ke nufi. Cikin wata uku cuta tana iya tashi daga wannan layi ta koma na ƙasa da shi, kuma in ta sauka ba ta hawowa.

Bayan mataki sai samun cire ƙarin gaba ɗaya, ba a bar ko ɓurɓushi a gefen yankan ba, tare da kaluluwar da ke zagaye, waɗanda ake son a ciro aƙalla 15 ko 16 a duba. Wani a yanke masa sashen tumbi, wani a cire duka a haɗa maƙoshi da hanji. Kada wannan ya firgita ki, mutum yana rayuwa ba tumbi, sai dai cin abinci ya koma kaɗan-kaɗan sau da yawa, da allurar bitamin B12 har iya rayuwa. Tsarin da likitanku ya faɗa, shimiyo kafin aiki, shi ne abin da da yawa cikin manyan asibitocin duniya ke bi. Wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2006, kan mutum wajen 500, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki kaɗai 23 cikin 100 suka kai shekara 5, waɗanda aka haɗa musu da shimiyo kafin aiki da bayansa kuwa 36. A 2019 Jamusawa suka fitar da wani haɗin da ake kira FLOT, zama huɗu kafin aiki huɗu bayansa, sati biyu-biyu, wanda ya ƙara a kan wancan. Haɗi ne mai ƙarfi, sai mai sauran jiki ke ɗaukarsa, kuma nan ƙuruciyar maigidanki take masa rana, muddin ba a bari ya ƙare a tsaye ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Sikana ba ya ganin komai. Irin wadda ke bin bango takan watsa ƴan ƙananan ɗigo a tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, hoto ya wuce bai nuna ba. Shi ya sa wasu likitocin ke fara leƙa cikin da ƴar kamara ta ƙaramar huda kafin babban aiki. Ki tambaya ko za a yi masa haka. In har aka tarar ta yaɗu, magana ta sauya amma ba ta ƙare ba: shimiyo yana ƙara kwana da sauƙi, akwai gwajin HER2 da ake yi wa tsokar don a ga ko wani magani na musamman zai kama ta, ana iya buɗa wa abinci hanya in ta toshe, kuma akwai maganin zafi mai ƙarfi da bai kamata a hana kowa ba.

Yanzu mu zo kan Yaya. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma haka muka tashi muka ga ana yi, a rufe wa majinyaci don tausayi. Amma ki duba yadda abin zai kasance a aikace. Mutum za a ɗaura masa ruwan magani na awanni, ya yi ta tashin zuciya, wataƙila gashinsa ya zube, sannan a miƙa masa takarda ya sa hannu a cire masa tumbi. Wace ulsa ce ake yi wa haka? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka ce wa ulsa ce, ranar da shimiyo ya wahalar da shi zai ce ya fasa, kuma da gaskiyarsa, tun da ba a gaya masa abin da yake yaƙi da shi ba. Ban da haka magidanci ne mai ƴaƴa uku, yana da shago da yaran shago, da ɗinkin mutane a hannunsa, wataƙila da bashi ko ajiya da shi kaɗai ya sani. Haƙƙinsa ne ya tsara al'amuransa, ko da zai tashi garau ya yi shekara 40 nan gaba. Kuma ni a ganina ya riga ya fara ganewa. Namijin da ya jira dare ya tsala, yara sun yi barci, sannan ya tambayi matarsa me likita ya ce, ya ga wani abu a fuskokinku. Yanzu shi kaɗai yake ɗauke da zarginsa, ku ma kuna ɗauke da naku a ɗaki guda.

Duk da haka ba na son ki tsallake Yaya ki faɗa yau da dare, domin gobe shi za ki nema wajen kuɗin mota da na magani da masu ba da jini. Ki sami babba wanda yake jin nauyinsa, kawunsu ko mahaifinki ko limamin unguwa, ki yi masa bayani, ku nemi Yaya ya koma wajen likita tare da ku cikin kwana biyu ko uku. A gabansa ki yi tambayoyin da bakinki: wane mataki ake zato, me zai faru in an jinkirta wata uku, yaushe ya kamata a fara, a ina, nawa za a kashe. Abin da ya ƙi ji daga bakin matar ƙanensa zai ji daga bakin likita. Daga nan ku roƙi likitan shi ya gaya wa maigidan, kuna zaune ke da Yaya, ya haɗa sunan cutar da shirin maganinta a zama ɗaya, don kada a bar shi da sunan kaɗai ya kwana da shi. A fara tambayarsa ma me yake son ya sani, wani yana son komai dalla-dalla, wani zai ce ku dai ku gaya mini abin da zan yi. In sati ya cika Yaya bai sauko ba, ki raka mijinki asibiti ya yi tambayarsa da kansa, likita ba zai hana mai jiki labarin jikinsa ba. In kuma kafin nan ya sake tambayarki, kada ki ƙara cewa ulsa. Ki ce masa abin ya fi ulsa, likita ya ce akwai magani, gobe mu je ka ji daga bakinsa. Ƙaryar shekaranjiya kuwa ki yi istigfari ki bar ta nan, ruɗewa ce.

Ita Inna a bi ta da lallashi, uwa ce, kuma abin da ta gani da idonta take faɗa. Maganar daji ba ya son ƙarfe ta samo asali ne daga irin labarin maƙwabciyar tata: a yi ta jiƙe-jiƙe shekara guda, sai ciki ya kumbura mutum ya kasa tashi a kai shi asibiti, likita ya buɗe ya tarar ba abin yi, bayan sati kaɗan a yi rasuwa, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Ba wanda ke ba da labarin wanda aka yi wa aiki da wuri ya koma gonarsa, don shi ba a zaman makokinsa. Kada ki ce mata maganin gargajiya banza ne, ba za ta ji ba, kuma za ki zama abokiyar gaba. A ce mata addu'a da sauka da sadaka da zamzam duk a ci gaba, a ƙara ma, ita ce shugabar wannan fanni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, neman likita yana cikin tawakkali. Abin da za a roƙe ta ta bari shi ne saiwoyi da ɓawon itacen da ba a san ƙarfinsu ba, musamman masu sa amai da gudawa, domin hanta da ƙoda su ne za su tace shimiyo, in suka raunana likita dole ya dakata. Tsaga da ƙaho ma a ajiye, ba shi da jinin zubarwa. Sannan a ba ta aiki a hannu, ita ta riƙa dama masa kunu. Uwar da aka ba ta abin yi ta fi sauƙin sha'ani a kan wadda aka ce ta zauna ta zuba ido.

Abinci kuwa ki ɗauke shi kamar magani, don ramar nan tana cikin abin da ke rage wa mutum ƙarfin jure aiki. Ki daina jiran ya cinye kwanon tuwo. Ƙaramin kofi sau 6 zuwa 8 a yini ya fi: kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai, fura mai laushi da nonon da aka tafasa madararsa, kifi, naman da ya dahu ya yi lugub, waken da aka tuƙe, ɗan mai a cikin komai. Kilishi da tsire su jira tukuna. Ruwa ya sha tsakanin ci da ci, kada ya cika masa wurin abinci. Ki auna nauyinsa kowane sati a sikeli ɗaya ki rubuta. Kanwa a bari, haka diklofenak da ibuprofen da aspirin na masu tallar magani, suna sa tumbi zubar jini. In yana shan taba, yau ta ƙare. Azumin nafila ba nasa ba ne yanzu, na Ramadan ma Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame. In kika ga aman jini, ko amai baƙi kamar dusar kofi, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko komai ya ci sai ya dawo, ko zazzaɓi ya kai 38 bayan an fara shimiyo, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti.

Ta fannin shiri, ki sayi jaka ɗaya ki tara komai: takardar fibro, sakamakon tsoka, hoton sikana da bayaninsa, gwajin jini, duk ordinas, wato takardar magani, da aka taɓa rubutawa. Ki ɗauki hotonsu a waya. Ki tambayi likita wane ɓangare za a iya yi a Babban Asibitin Ƙasa na nan Damagaram, wane ne sai an je Yamai, inda Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa take. Kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Doso, ba tafiyar da za a yi ta kai da kawowa da majinyaci ba ce, don haka a nemi masauki wajen dangi tun yanzu, kuma kada a tashi sai da takardar turawa da ranar ganin likita. Wasu ƴan Damagaram Kano suke nufa don ta fi kusa. In can kuka zaɓa, ku tabbata za ku iya ƙarasa maganin a wuri ɗaya, yankewa a tsakiya ya fi komai ɓarna. Kuɗi a zauna a yi lissafinsa na wata shida zuwa takwas, a raba wa dangi tun farko, a tambayi ofishin sosiyal na asibiti abin da za su iya ragewa. A kuma jera mutum uku ko huɗu cikin ƴan'uwa da abokan sana'arsa da za su ba da jini in an buƙata.

Yajinki bai jawo masa wannan ba, ki sauke wannan kaya daga kanki. Babban sanadin kansar tumbi wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tun yarinta akan ɗauke ta, ta zauna shekaru tana gurza bangon tumbi, kuma yawancin mutanen yankinmu suna ɗauke da ita, amma ƙalilan ne take kai wa ga daji. Yawan gishiri da taba suna ƙara mata ƙarfi. Kin ga abin ya girmi aurenku. Kansar kanta ba a ɗaukarta, ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a ɗaki ɗaya, yara su hau jikinsa yadda suka saba. Ke da ƴan'uwansa na ciki ɗaya ya kamata a gwada ku a ga ko kuna da ƙwayar, in akwai, maganin kwana 10 zuwa 14 ne.

Gado kuwa yana faruwa amma kaɗan ne, cikin masu wannan cuta 100, 1 zuwa 3 ne suka gaje ta. An gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, CDH1, a 1998 a wani babban dangi na ƙabilar Mawori a Niyu Zilan, inda matasa suka yi ta rasuwa da wannan ciwo. Tun da maigidanki bai kai 40 ba, tambayar tana da muhalli. A nan ma Inna ce za ta taimake ki, don ita ta san tarihin gidan: wa ya rasu da ciwon ciki da rama, yana da shekara nawa, ta wajen uwa ko ta wajen uba, akwai macen da ta yi dajin nono? Ki rubuta abin da ta faɗa ki kai wa likita. Yaranku ƙanana ne, ba abin da za a yi musu yanzu. Shi Yaya da sauran ƙannen ne, duk wanda zafin ciki ya ƙi jin magani, ko ya ga rama ko saurin ƙoshi, ya nemi a yi masa fibro, kada ya yarda da an ce ai yaro ne.

Ke ma ki sami mutum ɗaya, mahaifiyarki ko yayarki, ki gaya mata komai, ta zo ta kama miki yara na ƴan kwanakin nan. Gobe da safe in kin sallami yara lakwal, ki wuce wajen babban da kika zaɓa, jakar takardun tana hannunki. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ina son in ji ranar da aka sa za a fara.